Kamfanonin zana bututun yayyafi da samo izinin 'yan kwana-kwana: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Duk wanda ya tashi gina otal, asibiti, filaza ko babban sito a Abuja, Kano ko Kaduna, kafin ya zuba dekin farko zai gamu da kamfanin da zai ce masa: ka bar mana maganar gobara, mu za mu zana bututun yayyafi, wato bututun da ke bin silin mai kawunan da ke fesa ruwa da kansu in wuta ta tashi, mu shigar da takardu, mu samo izini, mu kafa, mu kawo 'yan kwana-kwana su duba. Wannan hidimar muka ɗora a sikeli. Hukuncinmu shi ne ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi biyu: a ɗauki kamfanin tun ginin yana kan takarda, kuma abin da zai miƙa ya ƙunshi cikakken lissafin ruwa, daga tanki har zuwa kan yayyafin da ya fi nisa. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, mai gini yana iya samun hatimi a kan zanensa, ya rataye takardar shaida a bango, ranar da wuta ta tashi kuma bututun ya yi tari biyu ya bushe.

Ofis biyu ake bi, kuma kamfanin kirki yana faɗa wa mai gini haka tun zaman farko. Na farko shi ne hukumar da ke amincewa da zanen gini gaba ɗaya. A Abuja sashen kula da gine-gine ne da ke ƙarƙashin hukumar kula da birnin, AMMC, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Na biyu shi ne hukumar kashe gobara, ta tarayya ko ta jiha, gwargwadon inda ginin yake. Lokaci ma biyu ne: amincewa da zane kafin a ɗaura bututu ko ɗaya, sai kuma duba aiki bayan an gama, wanda daga shi takardar shaida ke fitowa. Zanen kuwa sai da hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Kuɗin hukumar tarayya cikin asusun gwamnati ake biya, kuma ko ta jiha ce akwai rasit na gwamnati. A nan ake fara gane kamfani. Wanda ya raba kuɗin aikinsa daban, kuɗin hukuma daban, ya kawo rasit, ya tashi a daidai. Wanda ya dunƙule su wuri guda ya ce “mun san mutane a ciki”, sanayyar yake sayarwa, ba aikin injiniya ba.

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, amma lissafin yayyafi dalla-dalla injiniyoyi kan ɗauko shi daga ɗaya cikin kundi biyu: NFPA 13 na Amurka, wanda ya fara fitowa tun 1896, ko EN 12845 na Turai. Duka biyun suna aiki. Abin da ba ya aiki shi ne a gauraya su, a ɗauki tazarar kawuna daga wannan, girman tanki daga wancan, saboda kowanne ya fi sauƙi a wani wuri. Ya kamata shafin farko na zane ya faɗi kundin da aka bi da shekarar bugunsa. Shekarar tana da tasiri: wurin ajiye motoci, alal misali, NFPA 13 ya ɗaga shi zuwa rukuni mai buƙatar ƙarin ruwa a bugun 2022. Alƙaluman da ke biye duk na NFPA 13 ne, da ƙannensa biyu, NFPA 20 na injin tura ruwa da NFPA 25 na kulawa.

Fayil ɗin da ya cika yana ɗauke da taswirar fili da ta nuna tanki, ɗakin inji, hanyar da motar kwana-kwana za ta bi da bakin da za ta jona mesarta. Sai zanen kowane hawa da wurin kowane kan yayyafi da girman kowane bututu, zanen da ya tsaga ginin daga ƙasa zuwa sama don a ga tsawon silin, zanen babban bututun da ke hawa da bawul-bawul ɗinsa, takardun bayanin kayan da za a saya, da lissafin ruwa. Zanen kawuna kusan kowane kamfani ya iya shi, kuma yana fitowa da kyau a kwamfuta. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: kada tazarar kai da kai ta wuce mita 4.6, kada ta gaza mita 1.8 don ruwan ɗaya kada ya sanyaya ɗan'uwansa ya hana shi buɗewa, kada kai ya matso bango fiye da santimita 10. Ba a nan ake faɗuwa ba.

Inda ake faɗuwa shi ne rukunin haɗari, domin a kansa komai ya hau. Ofisoshi, ɗakunan otal, ɗakunan kwanciya na asibiti da masallatai suna cikin ƙaramin haɗari: ruwa lita 4.1 a minti a kan kowace murabba'in mita, a faɗin murabba'in mita 139, kuma kai ɗaya yana iya rufe har murabba'in mita 20.9. Kicin ɗin gidan abinci yana matsakaicin haɗari na ɗaya, lita 6.1. Shaguna suna matsakaici na biyu, lita 8.1, kai ɗaya kuma ba ya wuce murabba'in mita 12.1. To, filazar da aka rubuta “ofisoshi” a zanenta, alhali kowa ya san dilolin atamfa, shadda da katifu za a cika ta da su, an riga an yanke mata rabin ruwanta tun a takarda. Wani lokaci mai ginin ne ke so a rubuta haka don kuɗin ya sauka, wani lokaci kamfanin ne ke yi don farashinsa ya doke na abokin takara. Kamfanin da ya san aikinsa zai tambayi me za a ajiye, a kwali ko a leda, a ƙasa ko a kan kanta, kuma tsawon nawa za a jibge. Da zarar jibgin kaya ya haura mita 3.7, an fita daga waɗannan rukunan gaba ɗaya an shiga ƙa'idar sito, mai nata kawunan da nata lissafin. Kayan roba da soso ma tun kafin su kai wannan tsawon suke canja lissafi. Wanda bai yi wa mai gini waɗannan tambayoyin ba, bai zauna ya yi lissafi ba, tsohon zanen wani gini ya kwafo ya sauya suna.

Ga yadda lissafin filaza yake fitowa. Lita 8.1 sau 139 ya ba da kusan lita 1,130 a minti, kuma kawuna 12 ne za su raba shi. Kai na gama-gari mai lamba K80, lambar da ke nuna yawan ruwan da bakinsa ke iya fitarwa, idan zai rufe murabba'in mita 12, sai ya fitar da lita 97 a minti, wanda ke buƙatar matsi kusan bar 1.5 a bakinsa (bar ma'aunin matsin ruwa ne). A ƙara lita 950 a minti na mesar da mutane da 'yan kwana-kwana za su ja. Jimla ta haura lita 2,000 a minti, kuma dole ruwan ya jure aƙalla minti 60. Wato kusan lita 125,000, tun ma ba a ƙara rarar da kawunan kusa da inji ke sha ba, domin su matsi ya fi yawa a wurinsu. Tankar ruwa mai lita 10,000 sai ta yi sawu goma sha uku kafin ta cika wannan tanki. Ginin ofis mai ƙaramin haɗari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: lita 570 da 380 na mesa, na minti 30, kusan lita 28,500. Duk zanen filazar da ya nuna tankunan roba biyu a kan rufi a matsayin ruwan gobara, ko da ya wuce a ofis, ba zai wuce a gaban wuta ba.

A biranen Amurka da Turai injiniya yakan gwada ƙarfin babban bututun gwamnati ya gina lissafinsa a kai. A garuruwanmu ba wanda zai jingina ran mutane da ruwan famfo, rijiyar burtsatse kuma cika tanki take yi a hankali, ba ta ciyar da yayyafi. Saboda haka tanki da inji su ne zuciyar aikin, su ne kuma suka fi cin kuɗi da fili. Shi ya sa muka ce a kira kamfanin da wuri. Tankin lita 125,000 yana buƙatar rami kamar mita 8 a tsawo, 6 a faɗi, 3 a zurfi. Idan an riga an gina shaguna har bakin katanga, babu inda za a sa shi. Akwai kuma wata dabara ƙarama da ake yawan mantawa: in tankin ɗaya ne da na amfanin yau da kullum, bututun da ke kai ruwa banɗaki da kicin dole ya fita daga sama da layin ruwan gobara. In ba haka ba, a watan Afrilu masu haya za su shanye ajiyar ba tare da kowa ya sani ba.

Inji uku ake sa rai a gani a zane. Ƙarami mai riƙe matsi a bututu kullum, babba na lantarki, da na dizal ko wata hanyar lantarki ta biyu da za a dogara da ita. Injin gobara ba injin ban ruwa ba ne: ƙa'ida ta ce ya iya ba da kashi 150 cikin ɗari na ruwan da aka rubuta masa ba tare da matsinsa ya faɗi ƙasa da kashi 65 ba, in an rufe bakinsa kuma kada matsin ya haura kashi 140. Takardar masana'anta mai nuna waɗannan alƙaluman tana cikin abin da kamfani zai haɗa a fayil. Kowane mita 10 na tsawon gini yana cin kusan bar 1, don haka bene mai hawa shida ya cinye bar 2 kafin a yi maganar gogayyar ruwa da bututu. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a ɗakin inji. Na farko, a binne tanki a ƙasa a ɗora inji na kwance a samansa yana zuƙo ruwa. NFPA 20 bai yarda da haka ba, domin ranar da iska ta shiga bututun zuƙa injin zai yi ta juyi babu ruwa. Ko dai a sauke ɗakin inji ƙasa da layin ruwa, ko a sa inji na tsaye mai nutsewa cikin tanki. Na biyu, a jona injin lantarki a bayan babban makunnin gini. Abu na farko da mai gadi ke yi in ya ga hayaƙi shi ne ya kashe wutar lantarkin gini duka, sai ya kashe injin tare da ita. Layinsa daban ake ja masa.

Akwai wani abu da kamfanonin da suka saba da zafin Arewa suka fi na nesa kamawa, kuma muna ba su maki a kansa. Kowane kan yayyafi yana da 'yar kwalba mai ruwa mai launi, wadda ke fashewa in zafi ya kai haddinta: ruwan lemo digiri 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja shi ne aka fi sayarwa, shi ne kuma ake sawa ko'ina ba tunani. Amma an yi shi ne don wurin da zafin silin ba ya wuce digiri 38. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafin inuwa kansa yana haura 40 a bazara, balle ƙarƙashin kwanon sito da ba shi da silin. A irin wannan wuri rawaya ko kore ake sawa, haka ma kusa da murhun kicin da ɗakin janareta. Jar kwalbar da ta shekara tana gasuwa a ƙarƙashin kwano tana iya fashewa da tsakar rana ba wuta ba hayaƙi, ta jiƙe kayan miliyoyi. Daga ranar mai sito zai sa a rufe babban bawul, shi ke nan an kashe tsarin gaba ɗaya.

Tsoron jiƙewar kaya ne ma ke sa 'yan kasuwa da yawa ƙin yayyafi tun farko, don suna zaton in wuta ta tashi a shago ɗaya duk kawunan ginin ne za su buɗe. A tsarin da ake sawa a shaguna da otal, kan da zafi ya fasa kwalbarsa kaɗai ke zubar da ruwa, sauran suna nan a rufe. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a 2016, ko ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, ya san bambancin shago ɗaya da ya jiƙe da layi goma da suka zama toka. Kamfanin da ya zauna ya fahimtar da mai gini wannan ya yi rabin aikin kare tsarin daga a rufe shi daga baya.

Idan hukuma ta dawo da zane da gyare-gyare, ba abin tashin hankali ba ne, kuma amsa su yana cikin aikin da aka biya. A tabbata yarjejeniya ta faɗi haka, don wasu sukan nemi sabon kuɗi a kowane zagaye. Abin da ya fi jawo matsala shi ne canjin da ake yi bayan an amince. Mai gini ya ƙara bango ya raba shago biyu, sai rabi ɗaya ya tashi babu kai. Masu POP su sauke silin su binne kawunan a sama. Masu sanyaya ɗaki su ratsa da bututun iska mai faɗin da ya wuce mita 1.2, wanda dole a sa wani kai a ƙarƙashinsa. Farantin kan yayyafi ana so ya zauna tsakanin santimita 2.5 zuwa 30 ƙasa da silin mai santsi, in ya sauko fiye da haka zafi zai taru a sama ya daɗe bai taɓa shi ba. Mai fenti kuma ya zo ya bi kawunan da fari don su dace da silin. Kan da fenti ya taɓa ba a kankare shi, sauya shi ake yi. A ɓangaren nan hidimar yawancin kamfanoni tana da rauni, domin da zarar hatimi ya fito sai injiniyan da ya yi zane ya ɓace, a bar fulamba da masu walda su yi yadda suka ga dama. A rubuta cikin yarjejeniya cewa zai zo ya duba kafin a rufe silin, kuma duk canji zai koma cikin lissafi.

Kaya ma sai an sa ido. Kan yayyafi na gaskiya yana da lambar masana'anta da hatimin gwaji irin UL, FM ko LPCB a jikinsa, kuma jabu suna yawo a kasuwa. A gwada lambar da ke jikin kai da wadda ke takardar da aka shigar wa hukuma. Bututun ƙarfe kada ya gaza inci 1, marataya kuma kada tazararsu ta wuce mita 3.7 a ƙananan bututu, 4.6 a manya. Farin bututun roba na ruwan gida ba shi da wuri a wannan aiki. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai take ci.

Ranar duba aiki, kamfanin kirki ya riga ya yi gwajinsa kafin jami'ai su iso. An wanke bututun ƙasa da ruwa mai gudu kafin a jona shi da na cikin gini, domin tsakuwa ɗaya ko guntun walda ya isa ya toshe bakin kai. An matsa ruwa zuwa bar 13.8 an bar shi awa 2 ba tare da geji ya sauka ba, an rubuta, an sa hannu. A gaban jami'ai za a buɗe bawul ɗin gwaji, wanda ke fitar da ruwa daidai da kai ɗaya, a ga ƙararrawa ta kaɗa, a ga babban inji ya tashi da kansa. Sai a yanke lantarki a ga na dizal ya karɓa. Ana duba bakin da motar kwana-kwana za ta jona: a buɗe yake ko an kafa rumfar mai shayi a gabansa, kuma ya dace da mesar hukumar garin, wadda a nan galibi samfurin Ingila ce mai inci 2 da rabi. Ana duba akwatin kawunan ajiya da sifanarsu: 6 in kawunan ginin ba su kai 300 ba, 12 har zuwa 1,000, 24 in sun haura. Kowane bawul a buɗe, a ɗaure da sarƙa da kwaɗo ko a jona shi da allon ƙararrawa.

Takardar shaida tana da wa'adi, ana sabunta ta, kuma tsarin ba ya kula da kansa. Injin dizal ana tayar da shi minti 30 kowane mako, na lantarki aƙalla minti 10 a wata, a duba batir, mai da layin ruwan tanki. Masu shago kuma a hana su jibga kaya har silin, a bar santimita 46 tsakanin saman kaya da kan yayyafi. Wasu kamfanonin suna haɗa kulawar shekarar farko cikin farashi, kuma muna ganin wannan ya fi ragin kuɗi amfani, don a shekarar farko ne yoyo da matsalar batir ke bayyana.

Wajen biya, a raba kuɗin kashi-kashi: wani in an miƙa zane da lissafi, wani in hukuma ta amince, wani bayan gwajin matsi, na ƙarshe kuma sai an damƙa takardar shaida tare da zanen yadda aka kafa aikin a zahiri, takardun gwaji da littafin inji. Kafin a sa hannu a nemi kamfanin ya nuna lissafin ruwa na wani aikin da ya gama, ya kuma kai mai gini ɗakin injin wancan ginin a tayar da shi a gabansa. Mai ƙaramin gidan zama ko shago ɗaya ba ya buƙatar wannan hidimar, tukunyar kashe gobara da na'urar jin hayaƙi da wayarin mai kyau sun fi masa. Mai otal, asibiti, makarantar kwana, filaza ko sito kuwa, in zai iya, ya ɗauki wani injiniya daban da ba ya cikin kamfanin ya karanta masa lissafin kafin a shigar da fayil. Kuɗin wannan karatun bai kai na sake fasa silin hawa ɗaya ba.